Na kafa dish a bangon gidan haya, mai gida ya ce na yi masa ɓarna

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina haya a wani sabon gida a Ƙofar Ƙaura cikin Katsina, shekara-shekara nake biya. Bara na kira mai haɗa dish ya kafa mani a bangon gabas. Ashe bangon an lulluɓe shi da farin soson nan mai hana zafi shiga, aka yi masa yaɓe a kai, ni kuwa ban sani ba. Da damina ta yi nisa sai wurin ya tsage, yaɓen ya fara ɓamɓarewa. Yanzu mai gida ya ce in biya kuɗin sake bangon gaba ɗaya, in ba haka ba ya watso mani kaya waje ya haɗa ni da 'yan sanda. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Bari in fara da wanda ba za ka so ji ba: akwai alhaki a kanka. Amma alhakin bai kai girman da mai gidanka yake faɗa ba, kuma barazanar nan tasa guda biyu ba su da gindi.

Sai an gane yadda bangon yake kafin a gane shari'ar. Bulo ne a ciki, aka manna masa soson, aka shimfiɗa raga, sannan aka bi da yaɓe siriri da fenti. Soson ba ya ɗaukar nauyi. Mai aikin da ya san hannunsa dogayen notuna yake sawa su ratsa soson su kama bulon da ke baya, ya sa bututu a ramin don kada ɗauri ya murƙushe soson, ya toshe bakin ramin da abin hana ruwa. In aka ɗaure dish a yaɓen kawai, iskar farkon damina za ta riƙa jijjiga shi, ramin ya faɗaɗa, ruwa ya samu hanya. Ga shi kuma bangon gabas ka zaɓa, wanda ko maginan ƙasa na da sun san shi ne ke shan dukan ruwa a ƙasar nan. Da ruwa ya shiga bayan yaɓe kuwa, ba ya tsayawa inda ya shiga.

To, ka ɗauko takardar yarjejeniyar hayarku, in kun rubuta. Yawancinsu suna da layin da ke cewa ɗan haya ba zai canza komai a jikin gini ba sai da izinin mai gida a rubuce. In akwai shi, kuma ba ka nemi izini ba, ka saɓa alkawari. In ba ku rubuta komai ba, kamar yadda aka saba a garin nan inda dillali ke haɗa mutane a karɓi rasit a watse, har yanzu doka ta ɗora wa ɗan haya ya kula da gida kada ya lalata shi. Tsufan da gini ke yi da kansa, kamar koɗewar fenti, ba naka ba ne. Huda bango kuwa aikin hannu ne.

In maganar ta je kotun shari'ar Musulunci, wajen malamanmu na Malikiyya ɗan haya amintacce ne, ba ya ramuwa sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. A nan al'ada za ta taimake ka, don kusan babu gidan haya a Katsina da ba a kafa wa dish, kuma abin da mutane suka saba ana ɗaukarsa kamar sharaɗi. Mai gidan da ya yi bango na musamman, wanda ido ba ya bambanta shi da sauran, ya kamata ya faɗa wa mai shiga. In bai faɗa ba, wannan hujja ce mai ƙarfi gare ka. Ban ce za ta wanke ka tas ba, amma tana rage nauyi sosai. In kuwa ya gargaɗe ka tun ranar karɓar makulli, ko ta bakin dillali, to ka daina dogon musu.

Abin da zai iya samu a kotu shi ne kuɗin mayar da wurin yadda yake. Ba a biyan mutum sabon bango saboda ramuka huɗu, sai in ya nuna cewa ruwan ya bi ya lalata sauran, kuma shi ne zai kawo shaidar hakan, ba kai ba. Shi ya sa nake so tun yau ka ɗauki hotunan wurin da wayarka, na kusa da na nesa. Ku samo magini wanda ya taɓa irin wannan aiki, wanda kuka yarda da shi ku biyu, ya duba ya rubuta iyakar ɓarnar da kuɗin gyaranta. Ya duba sauran bangon ma. Sau da yawa za a tarar yaɓen yana tsagewa a wuraren da dish bai kusanta ba, ka ga wannan aikin magini ne tun farko, ba naka ba.

Zancen watso kaya: ba shi da wannan iko. Ɗan hayar shekara, in yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, wata 6 ake ba shi a rubuce, bayan nan a ba shi takardar kwana 7 ta niyyar karɓar gida, sannan a je kotu, kotu ce kaɗai ke fitar da mutum. In ya cire ƙofa ko ya kwashe maka kaya da hannunsa, kai ne za ka yi ƙararsa ka nemi diyya. 'Yan sanda kuma, dokarsu ta 2020 a sashe na 32 ta hana kama mutum a kan saɓa alkawari ko rigimar da ba ta laifi ba. Laifin ɓarna yana buƙatar niyyar cutarwa ko sanin cewa aikin zai iya jawo asara, kai kuwa kallon labarai da ƙwallo ka nufa. In aka gayyace ka ofis ka je cikin ladabi da rasit ɗinka da hotunan, kada ka sa hannu a takardar alkawarin biyan wani adadi a can.

Shi mai haɗa dish ɗin yana da nasa kason, don duk mai huda bango yana jin bambancin bulo da soso a hannunsa. Kana iya binsa kuɗin gyaran. Gaskiya dai yawancinsu yara ne masu neman na abinci, abin da za ka samu bai kai wahalar shari'a ba. Ya fi maka ya zo ya sauke dish ɗin kyauta.

Dish ɗin naka ne, kana da ikon cire shi. Ka sa a kafa ƙarfe a tsakar gida a zuba masa kankare, ko a cikin tsohuwar taya yadda za ka ɗauka ranar tashi, shi ma ka sanar da mai gida ta saƙon waya don ya zama shaida. Ramukan a toshe su kafin ruwan farko. Sannan ka nemi dillalin da ya haɗa ku ko mai unguwa ku zauna, ka ce ka ɗauki gyaran wurin da ka huda bisa ƙiyasin maginin. Abin da kuka daidaita a rubuta, a sa cewa ba sauran wani bashi a kan bangon, ku biyu da shaidu ku sa hannu, kowa ya riƙe kwafi.