Amsa: in yajin aikin jirgin ƙasa ya rutsa da kai tsakanin Paris da Liyon

Ƙanena, na ga tambayarka. Za ka tashi daga Yamai zuwa Liyon don horon mako biyu, jirgin samanka zai sauka a Roissy, babban filin jirgin saman Paris da ake kira Charles de Gaulle (CDG), ka riga ka sayi biyen TGV, jirgin ƙasa mai gudun gaske, daban, ga shi kuma ana ta jin maganar yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa a Faransa. Kana so ka san abin yi in an soke jirginka.

Ka kwantar da hankali. Yajin aikin jirgin ƙasa a Faransa ba ya shigowa ba sallama. Doka ta wajabta wa sandika ta ba da sanarwa cikakkun kwana 5 kafin a fara. Dokar 21 ga Agustan 2007 kuma ta ce direba da mai duba biye da mai ba jirage hanya, duk wanda zai shiga yajin sai ya faɗa wa kamfani sa'a 48 kafin lokacin. Da wannan lissafi SNCF, kamfanin jirgin ƙasa na gwamnatin Faransa, ke sanin hannu nawa suka rage mata, ta tsara jiragen da za su tashi. Dokar ba ta tilasta wa kowa ya yi aiki ba, saboda haka babu wani adadin jirage da aka yi maka alkawari. Labari kawai ta ba ka tabbacinsa. A al'ada cikakken jadawali yana fita ƙarfe 5 na yammacin jajibirin ranar, na TGV ma sau da yawa tun saura kwana biyu. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Faransa tana gabanmu da sa'a ɗaya, wato ƙarfe 4 ke nan a Yamai. A sauran watannin agogonmu ɗaya.

Mutanenmu a nan suke faɗuwa, kuma ba laifin yajin ba ne. Saƙon soke jirgi yana zuwa ne ga lambar talho da imel ɗin da aka rubuta lokacin sayen biye. In wani ɗan uwa da ke can ne ya saya maka da katinsa, ko wani ofishin sayar da biye a nan Yamai, to su za su samu saƙon, kai kuwa kana Kazabalanka ko Istanbul kana jiran jirgi na biyu ba ka da labari. Don haka yau ɗin nan ka karɓi lambar dosiye, wato lambar rajistar biyenka, haruffa ko lambobi shida ne, da sunan da aka yi rajista da shi, ka sauke manhajar SNCF Connect, ka shigar da tafiyar a ciki. Ka rubuta lambar jirgin a takarda, ita ake nema a allo, domin jirgin da zai sauke ka Liyon yana iya zama na Marsai ko na wani gari da ke gaba, sunan ƙarshen zango ne ke fitowa da manyan baƙi. Kada ka dogara da sim ɗinka na gida. Akwai intanet kyauta a filin Roissy, da shi za ka duba halin da ake ciki tun kafin kaya su fito.

Ka kuma bincika su wane ne ke yajin, don shi ke nuna girman abin. Manyan sandika huɗu ne a SNCF: CGT, UNSA, SUD-Rail da CFDT. In ɗaya ce kaɗai ta kira, sau da yawa TGV na tafiya kusan yadda aka saba, ƙananan jiragen jihohi, TER, su ne ke shan wahala. In duk huɗun suka haɗa kai, ka ɗauki abin da gaske. Aikin masu yajin ma yana da tasiri. TGV ba ya tashi ba mai duba biye a ciki ko da direba na zaune, shi ya sa yajin masu duba biye na Kirsimetin 2022 ya hana kimanin matafiya 200,000 jirginsu. Na masu ba da hanya ya fi kowanne muni, domin su ke riƙe da layin dogon gaba ɗaya, kowane kamfani a kansu yake bi. Tsawonsa kuwa, akasari na kwana ɗaya ne, amma an ga na 2018 da aka yi ta yi kwana biyu cikin kowane biyar daga Afrilu zuwa ƙarshen Yuni, an kuma ga wanda ya fara 5 ga Disamban 2019 ya tsallaka har Janairu. Ko na kwana ɗayan ba kwana ɗaya ba ne cif. Yakan fara ƙarfe 7 na daren jajibiri ya ƙare ƙarfe 8 na safiyar kashegari, kuma jiragen farko na kashegarin sukan yi tangarɗa saboda ba su kwana inda ya kamata su kwana ba.

To, a ce ka duba ka ga an rubuta supprimé, an soke. Kana da zaɓi biyu, a canza maka jirgi ba ƙarin ko sisi, ko a maido maka kuɗinka cas. Shawarata ka nemi canji tukuna, kada ka yi gaggawar danna maido kuɗi. Da zarar ka karɓi kuɗi ka zama sabon mai saye, kuma kujerun da suka rage a ranar yaji su ne mafi tsada. Ka yi canjin a mintunan farko bayan fitar jadawali, domin mutanen jirage uku ne ke rububin kujerun jirgi ɗaya. Ka fi neman na sassafe. In ba ka samu ba, ka riƙa leƙawa, masu fasa tafiya suna sakin kujeru har dare. Abin da kada ka yi shi ne ka hau wani TGV da biyen jirgin da aka soke. Ba kamar kar ɗinmu na Tawa ko Maraɗi ba ne, inda in na asuba ya wuce ka za ka lallaɓa wurin mai biye a san yadda za a yi da kai a na gaba. A TGV kowace kujera da sunan mai ita, mai duba biye na iya cin tararka, a manyan gar ma ƙofar shiga bakin layi ba za ta buɗe maka ba. Kuɗin da za a maido kuma katin da aka biya da shi yake komawa, in ta hannun wani dillali aka saya, shi za ka koma wa.

Ba laifinmu ba ne da ba mu saba ba. Dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140, an gama shi tun 2016, har yau fasinja bai hau da biyensa ba.

Sa'arka ɗaya, hanyar Liyon tana da mafita fiye da sauran. TGV da ke tashi kai tsaye daga gar ɗin cikin filin jirgi, Aéroport CDG 2, yana kai ka Part-Dieu, babbar gar ɗin Liyon, cikin kamar sa'a biyu, amma irin waɗannan jirage da ke kewaye Paris ba su da yawa a yini, in an soke ɗaya ko biyu sai giɓin ya yi faɗi. Wanda ya shiga cikin Paris ya fi samun zaɓi. Gar ɗin da za ka nufa sunanta Gare de Lyon, kuma a Paris take, kada sunan ya ruɗe ka. Daga can, ban da TGV INOUI da OUIGO mai araha, duka biyun na SNCF, akwai jiragen Trenitalia, kamfanin Italiya da ke bin hanyar Paris zuwa Liyon tun Disamban 2021. Direbobinsa da masu duba biyensa ba na SNCF ba ne, don haka yana tafiya in dai ba masu ba da hanya ne suka ajiye aiki ba. Biyensa daban ake saye. Akwai kuma TER da ke tashi daga Paris Bercy ya bi ta Dijon, wajen sa'a biyar, amma a ranar yaji ban ba shi amana ba. In duk dogo ya ƙi, sai kar: FlixBus da BlaBlaCar Bus suna yin hanyar cikin sa'a shida zuwa bakwai, wasu ma daga Roissy suke tashi. Farashinsu yana hawa da zarar an sanar da yaji, saboda haka wanda ya ga alamar babban yaji ya kama kujera tun da wuri, ya karanta sharaɗin fasawa kafin ya biya.

Shiga Paris ɗin shi ma sai da dabara. RER B, jirgin da ke haɗa Roissy da gari, kamfani biyu ke tafiyar da shi: SNCF daga filin jirgi zuwa Gare du Nord da ke cikin Paris, RATP, kamfanin metiron Paris, daga nan zuwa kudu. A ranar yaji sukan yanke haɗin, sai kowa ya sauka a Gare du Nord, jiragen kuma su ragu, cunkoso ya yi yawa. RER D da ya fi sauƙin kai mutum Gare de Lyon na SNCF ne, yana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Daga Gare du Nord ka ɗauki metiro layi na 4 zuwa Châtelet, daga nan layi na 14 ko na 1 zuwa Gare de Lyon. Duka ukun ba direba a ciki, na'ura ke tuƙa su, shi ya sa suke tafiya ko RATP ma na yaji. Sai dai Châtelet akwai doguwar tafiyar ƙasa da hawa da sauka, mai manyan akwatuna biyu zai gane kurensa. In kayanka da nauyi ka hau taksi. Kuɗin a yanke yake daga Roissy: yuro 56 zuwa gaɓar dama ta kogin Seine, inda Gare de Lyon take, yuro 65 zuwa gaɓar hagu. A yuro ɗaya sefa 656, wato jika 37 ko 43 kusan. Ka bi alamar taksi har inda ake layi a waje. Duk wanda ya tare ka a cikin zaure yana cewa taksi, musamman ranar da ya san mutane sun rasa jirgi, ba na hukuma ba ne, kuma kuɗin da zai faɗa maka a ƙarshen hanya ba wannan ba ne.

A gar ana bayyana lambar layi kimanin minti 20 kafin tashi, ana rufe shiga saura minti 2, a OUIGO saura 5. Ma'aikata masu jar riga su za ka tambaya, sun fi layin wurin sayar da biye sauri. Kowace jaka ka maƙala mata suna da lambar talho. TGV INOUI manyan jaka biyu da ƙaramar hannu ɗaya ya yarda da su, wanda ya wuce haka tarar yuro 50 ce. OUIGO ya fi tsanani, babban akwati sai an biya masa daban, ka tuna da wannan in canjin da ka samu can ya kai ka.

Maganar diyya. In ka yi tafiyar amma ka isa a makare, TGV INOUI da Intercités, jiragen dogon zango da ba TGV ba, suna biyan kashi 25 cikin 100 na kuɗin biye daga minti 30 zuwa sa'a biyu, kashi 50 daga sa'a biyu zuwa uku, kashi 75 in ya wuce uku. OUIGO sai jinkiri ya kai sa'a ɗaya yake farawa, kashi 25, sannan 50 daga sa'a biyu. Ƙa'idar Tarayyar Turai mai lamba 2021/782, da ta fara aiki 7 ga Yunin 2023, ta fito fili cewa yajin ma'aikatan kamfani ba uzuri ba ne na hana diyya. Ta kuma ce in an yi minti 100 bayan lokacin tashi ba a ba ka wata hanya ba, kana iya nemar wa kanka wani jirgin ƙasa ko kar, kamfani ya biya abin da ka kashe gwargwadon hankali. Taksi ba ya ciki. In dare ya kama ka a tsakiyar tafiya, makwanci a wuyansu yake, amma ka je wurin ma'aikata su shirya maka, kada ka kama otal da kanka ka ce za ka bi kuɗi daga baya. Ka adana biye da rasiɗi da hoton saƙon sokewa, ka cika takardar neman diyya ta intanet kafin ka baro Faransa. TER kowace jiha da nata tsari, kada ka sa rai da yawa. In horon naka na buƙatar hujjar rashin zuwa kan lokaci, ana ba da takardar shaidar jinkiri ko sokewa, ka nema.

Duk wannan na zuwa ne, kuma zuwa da sauƙi, iyaka ka makara kwana ɗaya. Dawowa ce abin tsoro. Biyenka na jirgin sama da na ƙasa yarjejeniya biyu ce da ba su san juna ba. In TGV ya sa ka rasa jirgin Yamai, kuɗin TGV kaɗai za a yi maganarsu, kamfanin jirgin sama zai rubuta cewa ba ka zo ba, sabon biye kuma daga aljihunka. Tun da Air France ta daina zuwa Yamai a Agustan 2023, sai an yada zango a wata ƙasa, kuma ba kullum ake samun jirgin zango na biyu ba. Wanda bizarsa ta Schengen ke ƙarewa ranar tafiya, kwana biyu na jira sun isa su sa shi cikin waɗanda suka wuce wa'adi, abin da kan dawo masa a neman biza ta gaba. Saboda haka ka baro Liyon kwana ɗaya kafin ranar jirginka, da yaji ko babu. Akwai ma tsayawar aiki da ba ta da sanarwa: in aka kai wa ma'aikaci hari ko aka yi hatsari, abokan aikinsa na iya janye hannu nan take, kamar yadda ya faru a Oktoban 2019, ban da lalacewar waya ko jakar da aka manta a gar da ke tsayar da komai. Kuɗin otal na dare ɗaya kusa da Roissy, ko kwana wurin ɗan uwa a Paris, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na sabon biyen Yamai ba a yawancin lokuta.

In kuma har yanzu ana iya taɓa biyenka na jirgin sama, ka je wurin wanda ya sayar maka ka tambayi kuɗin mai da shi Liyon. Royal Air Maroc da Turkish Airlines duka suna sauka a Saint-Exupéry, filin jirgin saman Liyon, daga can kuma ƙaramin jirgin ƙasa Rhônexpress, wanda ba na SNCF ba ne, yana kai mutum Part-Dieu cikin rabin sa'a. Ka gwada kuɗin canjin da na TGV zuwa da dawowa, haɗe da na otal da taksi, ka ga wanda ya fi maka.