Tambaya da Amsa: Motar Manhaja ko Ta Haya, Wacce Ta Fi Dacewa da Mai Umara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da mahaifiyata za mu tafi Umara, kuma kamfanin da ya shirya mana tafiyar biza da masauki kawai ya ɗauki nauyi, ban da zirga-zirga. Mahaifiyata ta manyanta, ba ta jure doguwar tafiya a ƙafa. Shin in dogara da manhajojin kiran mota irin su Uber, ko kuwa motocin haya da jirgin ƙasa sun fi? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya saka miki da alheri bisa wannan hidima, Ya kuma kai ku lafiya. Shawarata ita ce kada ki riƙe hanya ɗaya, domin kowane zango na tafiyar da abin da ya fi dacewa da shi.

A daren saukarku a filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, manhaja ta fi kwanciyar hankali. Uber da Careem duka suna aiki a Saudiyya, kuma za ki ga kuɗin tafiyar da sunan direba da lambar motarsa tun kafin ku shiga, ba sai kin tsaya ciniki da Larabci kina cikin gajiya ba. Amma sai da intanet, saboda haka ki sayi layin STC ko Mobily ko Zain da fasfonki tun a filin jirgin, ki kuma riƙe riyal a hannu ki zaɓi biya da tsabar kuɗi, tunda katin bankin gida ba kullum yake aiki a waje ba.

Inda manhaja take gazawa shi ne kewayen Harami. Ana tare hanyoyin da ke kusa da masallacin a lokutan salla, musamman ranar Juma'a da cikin Ramadan, sai direba ya tsaya can nesa yana kiranki a waya ki tako ki same shi, ga kuɗin ya hau saboda yawan masu nema. Wannan wahala ce ga dattijuwa, don haka ki tambayi masaukinku ko suna da motar da ke kai baƙi Harami kyauta, kamar yadda otal-otal da yawa na nesa suke yi, kuma ku riƙa fita tun da sauran lokaci kafin kiran salla.

Tsakanin Makka da Madina kuwa, jirgin ƙasa na Haramain, wanda aka buɗe a 2018, yana cinye kimanin kilomita 450 cikin awa biyu da rabi ko ƙasa da haka, alhali mota takan ɗauki awa huɗu zuwa biyar. Ki yanki tikiti da wuri, ki kuma duba iyakar kayan da aka yarda fasinja ya shiga da su. Sai dai idan daga Madina za ku yi harama, ki sani jirgin ba ya tsayawa a mikatin Zul-Hulaifa, wato Abyar Ali, don haka ku kintsa tun kafin ku hau, ku ɗaura niyya idan ya zo daidai da mikatin. Wanda yake son ya sauka ya yi nafila a masallacin mikatin, sai ya ɗauki shatar mota.

Ziyarar Kuba da Uhudu da Kiblataini ma shatar ta fi, saboda direban zai jira ku a kowane wuri har Mama ta gama addu'arta a natse. Ku daidaita kuɗin kafin ku shiga, ku tabbatar ko na motar gaba ɗaya ne ko na kowane mutum, kuma kada ki biya sai ya dawo da ku ƙofar masauki.