Kafin ka zargi jif ɗin, ina littafinta?

Wani ɗan kasuwa ya rubuto: "Malam, ina da tsohuwar jif mai giya otomatik da nake rarraba kaya da ita. Ƙanin maiɗakina ne ke tuƙi, shi nake ba kuɗin sabis. Yanzu in an sa giya sai ta yi jim kafin ta ɗauka, wani lokaci har da bugu. Ya ce a kai ta a wanke giyabos da inji. Ni kuma ina tunanin in rabu da ita, in ci bashi in sayi motoci biyu in shiga harkar haya. Me ka gani?"

Alhaji, maganar motoci biyu ajiye ta gefe tukuna. Wanda bai san ranar da aka canza man giyar mota ɗaya ba, biyu ƙasa za su kai shi, ga bashi a wuya.

Na bi wasiƙarka daga farko har ƙarshe, ban ga kwanan wata ba, ban ga kilomita ba. "Kuɗin sabis" kawai. Sabis ɗin me? A bakin yawancin direbobi, sabis baƙin man inji ne da filtarsa, shi ke nan. Man giya ba ya cikin lissafi. Ban ce yaron ya ci kuɗinka ba. Wataƙila duk abin da ya sani ya yi. Amma da bare ne ke tuƙin, da tuni ka ce ina rasit. Kunyar maiɗakinka ce ta rufe maka baki, kuma ita ce ke shirin cinye maka giyabos.

Na san wani mai sayar da kayan gini da ya yi haka da ɗan yayansa. Shekara da shekaru yana miƙa kuɗi, ba rubutu. Ranar da motar ta ƙi tafiya da kaya a bayanta, makaniki ya kwance farantin ƙasan giyabos: man ya yi baƙi ƙirin, yana ƙauri, mayen ƙarfen da ke cikin farantin ya tara ɓarɓashi har ana jin sa a yatsa. Gyaran ya ninka kuɗin canjin mai sau goma ko fiye, banda kwanakin da ya yi yana hayar motar wani. Zumuncin da yake lallaɓawa ma bai tsira ba.

Gobe ka je garejin da ƙafarka. Yawancin irin waɗannan motoci ana duba man giyarsu inji na aiki, ya yi zafi, mota a kan shimfiɗaɗɗen wuri. Ka shafa man a farin ƙyalle. Ja ko mai ɗan duhu, da sauran rai. In ya yi baƙi yana ƙauri, ɓarnar ta riga ta fara, sabon mai ba zai mayar da abin da ya cinye ba.

Wankin da inji kuwa, a tsohuwar motar da ba a san tarihinta ba, ni ban yarda da shi ba, don yana iya tayar da dattin da ya kwanta ya toshe ƙananan hanyoyin mai. A sauke farantin, a goge shi da mayen ƙarfensa, a sa sabuwar filta da sabon gasket, a zuba mai. Wannan kusan sulusi zuwa rabin tsohon man kawai yake fitarwa, saura na cikin kwanbata, wato abin da ke haɗa inji da giyabos, don haka a maimaita bayan ta ɗan yi aiki. Kuma irin man da littafin kamfanin motar ya ambata, Dexron ne, Mercon ne ko T-IV na Toyota, shi za a zuba. Kada wani ya ce maka duk jan mai ɗaya ne. A buɗe galan ɗin a gabanka.

Akan canza man giya tsakanin kilomita 50,000 da 100,000. Mota irin taka mai ɗaukar kaya, zafi na saurin kashe mata mai, ka tsaya kusa da lambar farko.

Sannan ka sayi ɗan littafi ka ajiye a motar: kwanan wata, kilomita, aikin da aka yi, kuɗi, rasit a liƙe. Ka ce wa yaron tsarin kasuwanci ne, ba zargi ba. In ka cika wata shida da shi, turo mini abin da motar ta ci da abin da ta kawo, sai mu yi maganar haya.