Tun da na dawo cin abinci cikina ke kumbura

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce, shekarata 21, muna zaune a Rikkos, Jos. Kusan shekara biyu na yi ina horar da kaina da yunwa saboda tsoron ƙiba: baƙin shayi da safe, kokwamba da dare, sai shayin rage teɓa. Har al'adata ta ɗauke. Likita ya ce ciwon ƙin abinci ne, anoreksiya. Wata biyu ke nan ina ganin likitan ƙwaƙwalwa, na kuma dawo ci. To amma ko loma biyar ta tuwo na yi, sai cikina ya yi tim kamar ganga, ga gyatsa, ga ƙwannafi, kuma sai in kwana huɗu ban zaga ba. Ƙawata ta ce in bar alkama da madara da maiƙo. Gwaggo kuma ta ce dattin ciki ne, har ta jiƙo min filasko. Wa zan bi?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ajiye kofin filaskon nan tukuna mu yi magana.

Tumbi da hanji tsoka ce ke motsa su. Shekara biyu ba ki ba su aiki ba, sai suka yi sanyi, abincin da ya kamata ya wuce cikin 'yan awoyi ya koma yana zaman dirshan. Kin taɓa ganin injin markaɗen da ya daɗe a ajiye ranar da aka tayar da shi? Sai ya yi ta tari da hayaƙi kafin ya kama. Abin da ke gyara wannan nauyin cikin shi ne ci a kai a kai, kuma ga yawancin masu jinya yana lafawa cikin makonni zuwa 'yan watanni, yayin da jiki ke murmurewa.

Filasko kuwa tsohon abokin gabarki ne, don shi ake zubawa a shayin rage ƙiba da dama. Ba ya taɓa kitse. Ruwa yake kwashewa da sinadarin fotasiyam, wanda in ya yi ƙasa bugun zuciya ke rikicewa. Hanjin da ya saba da bulala kuma, ranar da aka daina sai ya yi yaji, ƙafafu ma su ɗan kumbura. Ki gaya wa likitanki gaskiyar yawan shayin da kika sha, akwai maganin tausasa bayan gida mai sauƙi da zai iya rubuta miki.

Shawarar ƙawarki ta fi ba ni tsoro. Wannan ciwo makiri ne, in aka kore shi ta ƙofa sai ya sake riga ya shigo ta taga. Jiya “ba na ci don kar in yi ƙiba”, yau “ba na ci don cikina ba ya so”. A cire burodi, a cire madara, a cire mai, me ya rage? Kokwambar nan dai. Gaskiya ne akwai masu ciwon da alkama ke ɓata wa hanji, amma gwajin jini ke nuna shi, kuma sai mutum na cin alkamar gwajin ke faɗin gaskiya. In madara ce ke murɗa miki ciki, koma kindirmo na ɗan lokaci.

Ki ci sau uku, da ɗan abin taɓawa sau biyu ko uku a tsakani, kar ki wuce awa uku ba ki sa komai a baki ba, ko da yunwa ko babu. Abu mai ruwa-ruwa ko mai laushi ya fi saurin barin tumbi: kunun gyaɗa da madara, faten dankali, tuwon acca da miyar kuɓewa, dafaffen ƙwai, ayaba. Na san mu mutanen Jos da kabejin Farin Gada, amma ɗanyen ganye cika ciki yake da iska ba ƙarfi, a rage shi yanzu. Haka lemon kwalba da cingam, da ɗurar ruwa kafin abinci. In kin gama, sassauta zani, ɗora gorar ruwan ɗumi a ciki, ki zauna hira da Mama rabin awa. Kar ki kwanta nan take saboda ƙwannafin. Azumin Litinin da Alhamis ma a jingine shi, na Ramadan kuma a tambayi likita, ai marar lafiya na da rangwame a Suratul Baƙara.

Ga masu karatu da ba su fara jinya ba: wanda ya daɗe cikin yunwa ba a ɗura masa abinci a gida lokaci guda. A kwanakin farko sinadaran fosfet da fotasiyam da magniziyam na iya faɗuwa a jini har zuciya ta tsaya, shi ya sa likita ke tsara adadin yana auna jini. Aman jini, baƙin bayan gida, ciwon ciki mai tsanani, suma ko zuciya na dukan uku-uku, wannan sai asibiti a ranar, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo ko wanda ya fi kusa.

Gwaggo kuma kar ki yi musu da ita, ƙauna ce ta sa ta jiƙo. Ki ce mata likita ya hana filasko, amma ya ce kunun gyaɗarta ake so kullum da hantsi.