Tambayi Likita: Akwai Turaren da Ke Jawo Zuciyar Miji?

Saƙonnin wannan makon sun fi yawa a kan ƙamshi da warin jiki tsakanin mace da namiji. Ga huɗu daga ciki.

Wata matar aure daga Kano: Likita, barka da aiki. Ana tallar wani turare a Instagram, wai akwai sinadarin feromon a ciki, duk namijin da ya shaƙa sai ya rasa sukuni. Da tsada kuwa. In saya?

Hajiya, riƙe kuɗinki. Feromon gaskiya ne, amma a jikin dabbobi da ƙwari aka tabbatar da shi. Sinadari ne da halitta ke fitarwa, 'yar'uwarta ta shaƙa, jikinta ya amsa ba da zaɓinta ba. A 1959 wani masani ɗan Jamus, Adolf Butenandt, ya fara tace irinsa daga ƙwaron siliki, sai da ya tara matan ƙwaron kusan 500,000 kafin ya samu ɗan abin aunawa. Mai kiwo ma ya san wannan. A kawo bunsuru cikin awakin da suka daɗe ba namiji, cikin 'yan kwanaki za su fara neman barbara. A 2014 masu bincike a Jami'ar Tokyo suka gano sinadarin da ke fita daga fatar kan bunsuru, wanda ke zaburar da ƙwaƙwalwar akuya har ta kai ga sakin ƙwai.

Ɗan Adam ba haka yake ba. Dabbobi da yawa suna da wata 'yar gaɓa a cikin hanci mai karɓar wannan saƙo, amma a baligin mutum gurbinta kawai ya rage, ba jijiyar da ta haɗa ta da ƙwaƙwalwa. Sinadarai biyu da aka fi yayatawa a matsayin feromon na mutane, an gwada su a wata jami'a a Yammacin Ostireliya a 2017, kuma waɗanda suka shaƙa ba su ga kowa ya ƙara musu kyau ba. Abin da ke min ciwo shi ne masu wannan talla sun fi farautar macen da hankalinta ya tashi a gidan aurenta.

Ƙamshi kam yana aiki, amma ta wata hanya. Saƙon hanci yana isa kai tsaye sashen ƙwaƙwalwa mai kula da shauƙi da tuna baya. Shi ya sa humrar da miji ya saba ji a jikinki tun kina amarya, ko turaren wutan da ya kama labulen ɗakinki, ya fi masa tasiri a kan kwalbar da ba ki san abin da aka zuba mata ba.

Wani ɗalibi daga Zariya: Na karanta cewa mata na son warin gumin namiji. In daina shafa maganin hammata ke nan?

A'a, ɗana. Asalin maganar wani gwaji ne da wani masani, Claus Wedekind, ya yi a Bern ta ƙasar Siwizalan a 1995. Maza 44, kowannensu ya kwana biyu da riga ɗaya a jikinsa, ba turare, aka ba mata 49 su shinshina. Matan sun fi jin daɗin rigunan mazan da ƙwayoyin gadon garkuwar jikinsu suka bambanta da nasu, ban da masu shan ƙwayar tsarin iyali, su akasin haka suka zaɓa. Gwaje-gwajen da suka biyo baya wasu sun dace da shi, wasu sun saɓa. Ko a hakan, ɗan warin fata mai tsabta ake nufi, ba hammatar da ta wuni a zafin Afrilu ba.

Gumin hammata da na matsematsi ba ya wari lokacin da yake fita. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a fata ne ke cinye shi su fitar da tsami, gashi kuma ya riƙe musu danshi. Ka yi wanka da sabulu, ka aske gashin, kada ya wuce kwana 40 kamar yadda sunna ta koyar, ka canja singileti kullum. Alimun ma yana taimakawa, in dai ba a kan sabon aski ba.

Wata amarya daga Maraɗi: Ina da cikin wata biyu, warin mijina da turarensa na sa ni amai. Ya fara zargin na daina sonsa.

Ƙanwata, laulayi ne. A farkon ciki sinadaran jiki na hauhawa, abin da kike so jiya ya koma abin ƙi. Yawanci yana lafawa wajen wata na huɗu. Ki nuna masa wannan amsa, ya ajiye turaren na ɗan lokaci. Idan aman ya hana ki riƙe ko ruwa, ki je asibiti a ranar.

Wata baiwar Allah daga Gwambe: Gabana na ƙarni kamar na kifi, musamman bayan kwanciya. Ina matsi da miski, ina tsuguno, amma yana dawowa.

'Yar'uwa, ki dakatar da matsin daga yau. Farji na da nasa ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke riƙe masa ɗan tsami don kare kansa. Turare, sabulu ko wanke ciki da ruwan magani na kashe su, masu cutarwa su samu wuri. Ƙarnin kifi tare da farin ruwa tsararo mai ɗan toka-toka alama ce ta rikicewar waɗannan ƙwayoyi, kuma maniyyi na ƙara fito da warin domin yana rage tsamin wurin. Ba ƙazanta ba ce, ba kuma shaidar cin amana ba. Ki je a duba ruwan, don akwai ciwon sanyin da ke kama da shi wanda sai an haɗa da maigida a magani. Galibi maganin metronidazole na kwana 7 ake bayarwa. Ki shanye shi duka ko warin ya ɗauke, ki riƙa wanke waje kawai da ruwa, in kuma kina da ciki ki faɗa wa likitan kafin ya rubuta.