Tambaya da Amsa: Ƙungiyoyin masu sola za su iya kawo mana wuta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni tela ne a Daura, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 man janareta ke cinye ribarmu. Muna jin ana ambaton ƙungiyoyin masu sola a rediyo, har wasu sun zo layinmu suna karɓar kuɗin fom, wai za a raba mana kaya. Su wane ne waɗannan ƙungiyoyi, kuma ta ina za mu bi mu amfana?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Da farko dai ka riƙe kuɗinka, domin ƙungiyoyin da aka sani a wannan fanni ba rabon kaya ne aikinsu ba. Ɗaya daga cikin manyansu a Najeriya ita ce REAN, wadda ta haɗa kamfanonin da ke shigo da kayan sola da masu girka su, kuma abin da ta sa a gaba shi ne yi wa mambobinta magana a gaban gwamnati kan harajin shigo da kaya, da samun rance, da dokokin sana'ar. Haka AMDA take ga masu gina ƙananan tashoshin lantarki a Afirka. Wannan aiki yana da amfani a gare ka, tunda sauƙin haraji kan sauko da farashi, amma kada ka manta cewa ƙungiyar 'yan kasuwa ce, kuma idan buƙatar mai saye ta ci karo da ta mai sayarwa, an san inda za ta karkata.

Hukumar da ke kula da tallafin gwamnati ita ce REA, mai aikin kai wuta karkara, kuma galibi kamfanin da ya gina tasha take biya bayan an tabbatar ya haɗa wa mutane wuta, ba ta bi shago-shago tana sayar da fom.

Ƙungiyar da ta fi yi muku amfani ita ce wadda ba a kafa ba tukuna, wato taku ta masu amfani da wutar. Mutanen Katsina sun ga yadda tashar iska ta Lambar Rimi, mai megawat 10, ta kwashe fiye da shekara goma ana jiran kammala ta, don haka zaman jiran babban aiki ba dabara ba ce. Ku haɗu da masu walda, da masu injin niƙa, da masu sayar da ƙanƙara, ku yi rajistar ƙungiyar gama-kai, sannan ku rubuta abin da kowane shago ke kunnawa da awannin da yake aiki. A nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin tela yakan lissafa keken ɗinki da fanka da ƙwan lantarki, ya bar dutsen guga, alhali dutsen guga ɗaya yana jan wat 1,000 ko fiye, wato abin da ƙwai ɗari masu wat 10 za su ja. Ku ƙara da abin da kowa ke kashewa a mai duk wata, saboda wannan adadi ne kamfani zai duba ya gane ko za ku iya biya.

Da wannan takarda a hannu za ku iya tunkarar kamfanoni biyu ko uku, ku kwatanta tayinsu. Ƙa'idojin 2023 na NERC, hukumar da ke tsara dokokin wutar lantarki a Najeriya, sun ba da damar gina ƙaramar tasha har zuwa megawat ɗaya, kuma a wurin da layin kamfanin rarraba wuta na KEDCO ya riga ya isa, kamar cikin garin Daura, sai an ƙulla yarjejeniya tsakanin ɓangarori uku: ku, da kamfanin da zai gina, da KEDCO. Ku dage a rubuta farashin wuta, da yadda za a sauya shi, da wanda zai ɗauki nauyin canjin batir, tunda batir ne ke riga faifan sola mutuwa, musamman a zafinmu na bazara. Idan kuna neman wanda zai duba muku lissafi ba tare da yana da kayan sayarwa ba, Jami'ar Umaru Musa Yar'adua da ke Katsina tana da cibiyar binciken makamashi mai sabuntuwa. Su kuwa masu fom, ku nemi takardar rajistarsu ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da adireshin wurin da suka taɓa yi wa aiki, ku tura mutum ya je ya gani da idonsa.