Me ya sa 1 ÷ 7 ba ya ƙarewa?

Malam, ka ce ɗanka a lakwal nan Damagaram ya raba 1 gida 7, ya samu 0,142857142857… babu iyaka. Ba kuskure ba ne. Ragowar da ke iya fitowa daga 1 zuwa 6 ce kawai. Da zarar wata ta dawo, lambobin sai su sake zagayowa. Rabo yana ƙarewa ne kawai in lambar ƙasa (wadda ake rabawa da ita), bayan an rage, ba ta ƙunshi komai ba sai ninkin 2, ko 5, ko su biyun zalla, kamar 1/8 = 0,125.

Komawa baya kuma, wato gano rabon da ya haifi lamba mai maimaituwa, ɗauki x = 0,2727… Lamba biyu ke maimaituwa, sai yaron ya ninka da 100, ya cire x: 99x = 27, wato x = 27/99 = 3/11. Yara sukan ninka da 10 a nan, sai wutsiyoyin (lambobin bayan waƙafi) su ƙi dacewa, ciren bai share su ba.